Gyaran kurakurai a martanin neman haƙƙin mallakar ƙirƙira

Wanda ya shigar da buƙatar haƙƙin mallakar wata ƙirƙira ba kasafai yake samun amincewa a karon farko ba. Jami'in tantancewa kan rubuto masa wasiƙa ya zayyana abin da bai gamsu da shi ba: ko dai an riga shi ƙirƙirar abin, ko kuma bayanin bai fito sarari ba. Amsar da mai nema ko wakilinsa ke mayarwa ita ce martani, kuma a cikinta ake gyara rubutun buƙatar, a kawo hujjoji. A ofishin Amurka, wato USPTO, wa'adin da aka saba bayarwa wata 3 ne, ana iya tsawaita shi da biyan kuɗi, amma ba ya wuce wata 6. Yau kusan duk wannan aiki a manhaja ake yin sa, daga rubutawa har turawa ta intanet.

Kurakuran iri biyu ne. Akwai na bayanai, kamar sunan mai ƙirƙira, lambar buƙata, ko ranar da aka fara shigar da ita a wata ƙasa. Akwai kuma na rubutu, waɗanda ke cikin bayanin ƙirƙirar, ko zane-zanenta, ko da'awowi, wato jimlolin nan masu lamba da ke shata iyakar abin da mai nema yake cewa nasa ne.

Iyakar gyara

A kwamfuta, sauya kalma aikin daƙiƙa guda ne. A doka ba haka ba ne, domin ba a yarda gyara ya shigo da wani sabon abu da babu shi a ranar da aka shigar da buƙatar ba. Sashe na 132 na dokar haƙƙin ƙirƙira ta Amurka ya hana hakan, haka ma sashe na 123(2) na Yarjejeniyar haƙƙin ƙirƙira ta Turai da aka sa wa hannu a birnin Munich a 1973. Dalilin a fili yake: ranar shigarwa ce ke ba mutum fifiko a kan wasu, don haka ba adalci ba ne ya dawo daga baya ya cusa abin da bai sani ba a ranar, da sunan gyaran kuskure.

Ƙa'ida ta 139 ta ofishin Turai ta ce idan kuskuren yana cikin bayani, da'awowi ko zane, dole gyaran ya zama wanda duk masanin fannin zai gane nan take cewa ba wani abu ake nufi ba sai shi. Idan lissafin sinadarai ya tashi kashi 110 cikin 100, kowa ya san akwai kuskure. Amma a wane adadi yake? In takardar ba ta nuna amsa guda ɗaya ba, ba za a karɓi gyaran ba. Ga buƙatun ƙasa da ƙasa da WIPO, hukumar haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, ke kula da su, ƙa'ida ta 91 ta ba da damar gyara kuskure bayyananne cikin wata 26 daga ranar fifiko, wato ranar da aka fara shigar da buƙatar ƙirƙirar.

Inda manhaja ke jawo matsala

Ofishin Amurka yana so a nuna kowane sauyi a fili. A ja layi ƙarƙashin abin da aka ƙara, a soke abin da aka cire da layi a tsakiyarsa, kuma idan haruffan da aka cire ba su wuce 5 ba ana iya sa su cikin baka biyu masu kusurwa, don soke harafi ɗaya ba ya ganuwa sosai. Kowace da'awa kuma sai an rubuta matsayinta: ta asali ce, ko yanzu aka gyara ta, ko an soke ta, ko sabuwa ce. Wanda ya kuskure wannan tsari ana dawo masa da martanin ya sake.

A nan ne dabarun sauƙaƙa rubutu ke zama tarko. Lambobin da manhaja ke jerawa da kanta misali ne na kusa. Ƙa'ida ta ce idan an soke da'awa ta 3, sauran su riƙe lambobinsu har a gama tantancewa. Manhajar rubutu kuwa tana ganin an goge ta 3 sai ta mayar da ta 4 ta zama ta 3, kuma duk da'awar da ke cewa "kamar yadda yake a da'awa ta 5" yanzu wani wuri daban take nunawa. Akwai kuma harafin µ, wanda a wasu tsofaffin nau'o'in rubutu yakan koma m idan aka sauya fayil, sai maikirogiram ya zama miligiram, ninki dubu ke nan, a takardar da wataƙila ta magani ce. Mafi yawan faruwa shi ne a ɗauko tsohon fayil a yi gyara a kansa, alhali akwai sauyin da ofis ya riga ya karɓa a martanin baya. Shi ya sa masu aikin da suka ƙware suke sauko da da'awowin daga rumbun ofis su kwatanta da nasu kafin su taɓa ko waƙafi.

Wannan kulawa ta ƙara zama dole tun da USPTO ta rufe tsohon tsarinta na karɓar takardu ta intanet, wato EFS-Web, a Nuwamban 2023 ta koma Patent Center, sannan daga 17 ga Janairun 2024 ta sa ƙarin kuɗi, dala 400 a lokacin ga manyan kamfanoni, a kan sabbin buƙatun da ba a turo su a tsarin DOCX, wato fayil irin na manhajar Word, ba. Lissafi da alamomin sinadarai su ne suka fi saurin lalacewa wajen sauya fayil, kuma a ganina babu manhajar bincike da ta kai mutum ya buɗe abin da ofis ya karɓa ya karanta da idonsa.

Kuskuren bayanai ya fi sauƙin gyara. A Amurka ana turo sabuwar takardar bayanai da sauye-sauyen a bayyane, a nemi sabon rasit. Ranar fifiko ce kawai ke da haɗari, don gyaranta yana da wa'adinsa.

Bayan an ba da haƙƙin

Ƙaramin kuskuren bugu ana gyara shi da takardar shaidar gyara: kyauta idan laifin ofis ne, da kuɗi idan na mai nema ne. Kuskuren da ya kai kotu bai gyaru ba kuwa, kotu ba ta cika rubuta wa mutum abin da ya so ya faɗa ba. A shari'ar Chef America da Lamb-Weston a 2004, da'awar ta ce a zafafa kwaɓin fulawa "zuwa" digiri 400 zuwa 850 a ma'aunin Fahrenheit, alhali abin da ake nufi shi ne a gasa shi "a" tanda mai wannan zafi. Bambancin kalmomin Ingilishi biyu ne masu haruffa bibbiyu, "to" da "at". Kwaɓin da ya kai wannan zafi zai ƙone ƙurmus, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta amince da haka, amma ta ce da'awar tana nufin abin da aka rubuta. Chef America, mai haƙƙin da ya shigar da ƙarar, ya sha kaye.