Naman dala ɗari zai iya isar gida, in an san abin saye

A gidaje da yawa na Damagaram kuɗin nama ba ya wuce dala arba'in zuwa dala ɗari (sefa 200 zuwa 500) a yini, wata rana ma babu. Ba abin kunya ba ne. Abin da ke damun mu ma'aikatan lafiya shi ne inda ɗan kuɗin nan yake tafiya: ko dai a sayi tsoka zalla ƴar mitsitsiya da ba ta isar kowa, ko a faɗa wa naman da aka karyar da farashinsa saboda dabbar ba ta da lafiya. Araha iri biyu ce. Akwai ta sashen jiki, akwai ta cuta. Ta farkon muke so uwargida ta nema.

Sashen da ya fi sauƙin kuɗi sau da yawa shi ya fi amfani a miya. Wuya, haƙarƙari, ƙirji da kai da ƙafa suna da jijiya da ɓargo, kuma su ne ke ba romo kauri idan sun daɗe a wuta. Zuciya da ƙoda da hanta kuwa sun fi cinya sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Sai dai a duba kashin da mahauci ya tsiba kafin a biya. Idan ƙashi da kitse sun kai rabinsa, ba araha ba ce, domin nama na rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa a tukunya, kitse kuma narkewa yake yi. Huhu yana cika ido amma ba ya da auki. Ganda tana da daɗin tauna, amfaninta ga jiki kaɗan ne, kuma wadda aka babbake da tayar mota a bar ta a wurin, warinta ma yana tona ta. Naman raƙumi bai cika kitse ba, lokacin dahuwa kawai yake buƙata. Maƙwabta kuma za su iya yin watanda: gida biyar ko shida su haɗa kuɗi su sayi akuya ranar Alhamis da kasuwa ke ci, a yanka a mayanka, a raba daidai har da kayan ciki. Gab da Sallar Layya dai ba lokacin wannan ba ne.

A je da safe, ko a kasuwar Dole ko wurin mahaucin unguwa, a nemi ganin hatimin likitan dabbobi a jikin naman. Nama mai kyau idan an danna shi da yatsa yana dawowa, ba ya yauƙi, ba ya tsami. Naman yamma yakan sauka kuɗi, amma ya wuni cikin rana da ƙuda, kuma a watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40. A irin wannan zafi ɗanyen nama bai kamata ya wuce awa ɗaya tsakanin teburin mahauci da tukunya ba, balle a ƙulle shi cikin leda a zagaya cefane da shi.

Kayan ciki su ne aka fi so a duba da idon basira. A sa mahauci ya tsaga hanta a gabanki. Idan akwai fararen jijiyoyi masu tauri da tsutsa mai faɗi a ciki, ko ƙullutu mai ruwa, a bar ta, kuma kada a jefa wa kare, domin ta cikin kare cutar ƙullutun nan ke komawa ga mutane. Ƙuraje masu tauri, farare ko rawaya, a huhu na iya zama tarin fuka na shanu. Ƴan fararen ƙwayoyi kamar shinkafa a zuciya, harshe ko naman kumatu ƴaƴan tsutsar ciki ne. Mafi haɗari duka ita ce dabbar da ta faɗi farat ɗaya aka yi saurin yanka ta don kada ta zama mushe: baƙin jini da ba ya daskarewa da saifa mai kumbura alamu ne na cutar saifa (anthrax), wadda ke kama mai fiɗa da mai ci. A 2016 zazzaɓin Rift, wata cutar dabbobi ta daban, da ya ɓarke a jihar Tawa ya kashe mutane, kuma taɓa jini da naman dabbobi marasa lafiya na cikin hanyoyin kamuwa da shi. Ko kyauta aka ba ki irin wannan nama, kada ya shiga gidanki.

Ga yadda kwatan kilo mai ƙashi zai isa mutum bakwai ko takwas. A jiƙa wake kofi biyu tun dare. A wanke naman sau ɗaya, a yanka ƙanana a gicciye, ba bin tsawon tsoka ba. A zuba a tukunya da albasa ɗaya, tafarnuwa, citta da gishiri, ba ruwa, a rufe minti goma ya fitar da ruwan jikinsa. Sannan a ƙara ruwan zafi ya sha kansa, a zuba waken, a janye itace. Nan ne kuskure ya fi yawa. Wuta mai ƙarfi tana ƙone ruwa da itace, naman kuma ya ƙanƙance ya yi tauri. Jijiya sai da ƙaramar wuta take narkewa, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, murfi a rufe. Tumbi da hanji a goge su da gishiri da lemun tsami, su riga sauran shiga tukunya, domin sukan kai awa biyu. Hanta ce ƙarshe, minti goma ya ishe ta, muddin cikinta ya daina ja. Kada a zubar da romon farko. Shi za a kaɗa kuka ko kuɓewa da daddawa a ciki. Ɗan naman nan, da tumatir ko lemun tsami, yana taimaka wa jiki ya sha ƙarfen da ke cikin wake. Shayi kuwa yana hanawa, don haka a jinkirta shi awa ɗaya bayan abinci.

Idan naman tsohuwar dabba ne, a naɗe shi cikin ganyen gwanda da aka murza, ko a jefa ƴan yankan ɗanyar gwanda a tukunya. Kanwa tana laushi amma tana kashe wasu bitamin, a sa ƴar kaɗan. Masu jefa ƙwayar farasitamol don nama ya yi saurin nuna su daina, hantar masu ci suke jefawa cikin haɗari.

Sai rabo, wanda ya fi komai ci mana tuwo a ƙwarya. An saba tsoka ta tafi kwanon maigida, yara su sha romo. Maigida, yaro daga wata shida zuwa shekara biyu da mai ciki da mai shayarwa su suka fi ka buƙatar naman nan. A daka wa yaro cokali ɗaya ko biyu na dafaffen nama ko hanta a dama masa cikin abincinsa. Mai ciki ta ci hanta ƴar kaɗan, kada ta wuce sau ɗaya a mako, saboda yawan bitamin A da ke cikinta.

Abin da ya rage, in babu firigo ko wuta ba ta tsayawa, a soya shi har ruwansa ya ƙone ƙurmus, ko a yanyanka siriri a sa gishiri a shanya ƙarƙashin yadi mai shara-shara, ko a yi banda. Busasshen ana iya daka shi gari a riƙa barbaɗa wa yara a kunu. Miyar da ta kwana a tafasa ta sosai da dare da kuma safe, ɗumamawa kawai ba ta isa ba. Wuƙa da faifan da suka taɓa ɗanyen nama a wanke su da sabulu kafin su taɓa salak ko tumatir. Idan wani ya fara amai da gudawa bayan cin nama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari. In akwai zazzaɓi, jini a bayan gida, ko baƙin gyambo a hannun wanda ya yi fiɗa, a kai shi likita a ranar, a kuma gaya wa ma'aikatan kiwo inda aka sayi naman.