Yadda yaro ke girma: amsar tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Ina koyar da ajin KG, wato ajin yara kafin firamare, a Asawase, nan Kumasi ta ƙasar Gana. Da yamma kuma ina zama da ɗaliban kwalejin horar da malamai masu shirin jarrabawar lasisin koyarwa. Su da iyayen yaran ajina kusan tambayoyi iri ɗaya suke kawo mini, har na gaji da maimaitawa. Ga amsoshin a rubuce. Wanda ya sake tambaya, wannan zan turo masa.

Mene ne wannan ilimin bunƙasar ɗan Adam?

Nazarin yadda mutum ke sauyawa tun yana cikin uwa har tsufa, ta fuskar jiki, tunani, harshe da zama da mutane. Iyakarsa ke nan.

Gado ne ke gina yaro ko tarbiyya?

Duka biyun, kuma ba a raba su. Yaron da ya gaji tsayi amma bai samu abinci mai gina jiki ba a shekaru biyun farko zai tsumbure. Ku bar wannan gardamar haka.

Ɗana ya kai wata 14 bai fara tafiya ba, na maƙwabciyata tun wata 10 yake yawo. Lafiya kuwa?

Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin yara masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, har da Gana, ta fitar da sakamakon a 2006. Tafiya ba tare da riƙe komai ba tana zuwa ne tsakanin wajen wata 8 zuwa kusan wata 18. Zama kuma tsakanin wata 4 zuwa 9. Abin lura shi ne tsarin: kai yake fara tsayawa, sai zama, sai tsayuwa, sai takawa. Lokacin kuwa kowane yaro da nasa, wasu ma ba sa rarrafe sam. Idan ya wuce wata 18 bai taka ba, ko ya daina abin da ya riga ya iya, faɗa wa nas a wurin awo. Kafin nan ki daina auna shi da ɗan maƙwabciya.

Me Piaget ya ce ne da kowace jarrabawa sai an kawo shi?

Jean Piaget ɗan Suwizalan ne, an haife shi a 1896, ya rasu a 1980. Ya ce tunanin yaro ba ƙaramin tunanin babba ba ne, irinsa daban ne, kuma yana bin matakai huɗu. Daga haihuwa zuwa shekara 2 jariri yana sanin duniya da hannu, baki da ido, a nan ne yake gane cewa abin da aka ɓoye yana nan bai ɓace ba. Daga 2 zuwa 7 ga magana ga wasan kwaikwayo, amma abin da ido ya gani shi ke rinjayar hankali. Daga 7 zuwa 11 yana iya auna dalili a kan abin da ke gabansa. Daga wajen 12 ne tunani kan abin da ba a gani yake buɗewa.

Ku gwada a gida. Zuba koko daidai wa daida a kofi biyu, yarinya 'yar shekara 4 ta yarda daidai suke. A gabanta ki juye ɗaya cikin siririn kofi mai tsawo. Za ta ce na dogon ya fi yawa, ta yi kuka a ba ta shi. Ba haɗama ba ce, ba taurin kai ba ne, hankalinta bai kai nan ba tukuna. To don me za a dake ta? Wannan shi ke ƙona mini rai, wallahi. Malamanmu na fiƙihu ma sun san shekarun tamyizi, kuma a hadisi a shekara bakwai aka ce a umarci yaro da salla, ba a uku ba.

Ai duk wannan binciken 'ya'yan Turawa ne. Ina ruwanmu?

Da gaskiyarku, amma rabi. Piaget a Geneva ya yi aikinsa, har da 'ya'yansa uku, kuma da aka maimaita gwaje-gwajensa a wasu ƙasashe an ga shekarun suna matsawa gaba ko baya gwargwadon abin da yaro ya saba yi. Masani ɗan Kamaru, Bame Nsamenang, ya rubuta a 1992 cewa a wajenmu ana auna girman yaro ne da nauyin da zai iya ɗauka, kamar aike da renon ƙane. Amma Mary Ainsworth, wadda aikinta kan shaƙuwar jariri da uwa ya cika littattafanku, a ƙauyukan kusa da Kampala ta zauna da iyaye mata 'yan Yuganda a 1954 da 1955.

Sannan ga Lev Vygotsky na Rasha, wanda tarin fuka ya kashe a 1934 yana da shekara 37. Ya ce koyo yana faruwa ne a tazarar da ke tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya idan wanda ya fi shi ya kama masa. Je Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ka ga yadda maigida ke koya wa yaronsa: yau miƙo sifana, gobe kwance taya ana tsaye a kansa, wata rana a bar masa injin. Shi ne abin da Vygotsky yake nufi, kuma ni a aji da shi na fi aiki.

Goyo da yawan ɗauka suna sangarta jariri?

A'a. John Bowlby, masani ɗan Birtaniya, da Ainsworth sun nuna jaririn da ake amsa kukansa shi ke samun natsuwar sakin zane ya je wasa. Ba lallai uwa kaɗai ba, kaka da gwaggo ma suna shiga. Ki goya abinki.

Yarona shekara biyu da rabi, ba ya magana sosai. A gida Hausa, a waje Twi, a makarantar boko Turanci, ga Larabcin makarantar allo. Mu koma yi masa Turanci kaɗai?

Wannan ba ta amsuwa da eh ko a'a, kuma ni malama ce, ba likita ba, ban kuma ga yaron ba. Abin da binciken masana harshe ya tsaya a kai shi ne jin harsuna da yawa ba ya haddasa jinkirin magana. Yaran Zango sun daɗe suna tashi da harshe uku. Cakuɗa su a jimla ɗaya ma ba ciwo ba ne.

Fara da ƙirge, amma a haɗa duka harsunan. Idan yana cewa ruwa da Hausa, yana kiran abinci da Twi, duk a lissafa. A ƙiyasi ana sa ran ɗan shekara biyu yana da kalmomi wajen 50, yana kuma haɗa biyu, kamar "Mama zo". Ƙiyasi ne, wasu suna ɗan makara su kamo, wasu kuma ba sa kamowa sai an taimaka, kuma daga nesa ba a iya bambancewa. Don haka duba sauran alamu. Idan an kira sunansa daga baya yana waigowa? Yana nuna abu da yatsa don ki gani? Idan kin ce ya ɗauko takalminsa ba tare da kin nuna ba, yana ɗaukowa? In duk eh ne, hankalina ya ɗan kwanta, ko da yake ba duka ba. In a'a ne, ko ya taɓa yin kalmomi suka ɓace, ko ya yi shawara mai tsanani yana jariri, sanƙarau, ko ciwon kunne mai ruwa, kada ki jira. A gwada jinsa. Ki fara da wurin awo ko asibitin unguwa, su tura ki sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibitin Komfo Anokye in da buƙata. Za a ce miki babansa ma sai da ya kai huɗu. Yana iya zama gaskiya, amma gwajin ba ya cutar da kowa, jinkirin kuwa yana iya cutarwa.

Batun Turanci kaɗai, ni ban goyi baya ba. Uwar da ta bar harshen da take zuba hira da shi ta koma wanda take lalube, maganarta da yaron raguwa take yi, shi kuwa yawan hira yake buƙata. Sai dai idan ƙwararren da ya duba shi ya ba ku wani tsari, ku bi nasa. Ki kuma karɓe wayar nan daga hannunsa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana gaban allon waya ko talabijin, ƙasa da haka ya fi.

Dole mu haddace matakan Erikson takwas?

Don jarrabawa, eh. Erik Erikson, masanin halayyar ɗan Adam, ya fitar da waɗannan matakan rayuwa a 1950, daga yarda da rashin yarda a jarirantaka har waiwayen tsufa. Malamin JHS, wato ƙaramar sakandare, ya riƙe na biyar, inda matashi ke neman sanin ko shi wane ne.

Freud fa?

Sigmund Freud, likitan halayya ɗan Ostiriya: ku san matakansa biyar na girman yaro don jarrabawa. A aji ban taɓa buƙatarsu ba.

Yarinyata ta fara zagi da duka. A ina ta koyo?

Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya nuna a 1961 cewa yaran da suka ga babba yana jibgar 'yar tsana su ma jibgarta suka yi, ba wanda ya umarce su. Ku saurari abin da ake faɗa a tsakar gidanku tukuna, Alhaji, kafin ku zo kuna tuhumar makaranta.

Me ya sa ba kya ba 'yan KG aikin gida mai yawa?

Saboda shekararsu 4 da 5. Manhajar da Gana ta fara aiki da ita a 2019 ta gina KG ne a kan koyo ta hanyar wasa, kuma yatsun yaro ba su gama ƙwarin cika shafi da rubutu ba. Idan ya dawo gida a ba shi wake ya ware, ya ƙirga cokula, a yi masa tatsuniya a tambaye shi me Gizo ya yi. Rubutun zai same shi a aji ɗaya.