Waiwaye: Ƙananan Jiragen Soja da Aka Jingine, da Wahalar Mayar da Su Sama

Duk wanda ya taɓa zama garejin makanikai a Maraɗi ya san a nan ba a saurin yi wa mota sallar gawa. Peugeot 504 da ta girmi direbanta tana nan tana dakon buhuna tsakanin Tasawa da Dakoro. In pis ya ɓace a kasuwa, a aika Katsina ko Kano. In can ma babu, mai walda ya ƙera. Shi ya sa da zarar mutumin Maraɗi ya ga hoton tsohon jirgin soja kwance a gefen wani fili, tayoyi sun sace, tsuntsaye sun yi sheƙa a hancinsa, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne: to, me ya hana a gyara?

Asalin irin waɗannan jirage yaƙin duniya na biyu ne. Masu harba igwa suna harbi nesa da inda idonsu ke kaiwa, don haka suna buƙatar wanda zai hau sama ya ce musu harsashi ya wuce ko bai kai ba. Amurka ta ɗauki ƙaramin jirgin farar hula na kamfanin Piper, ta shafa masa fentin soja, ta kira shi L-4. Mutum biyu yake ɗauka, injinsa ƙarfin doki 65 ne kacal, jikinsa bututun ƙarfe ne da aka lulluɓe da yadi, kuma da hannu ake murza farfelarsa kafin ya tashi. An ƙera fiye da 5,000. Jamus na da nata, Storch, wanda ya fara tashi a 1936, kuma bayan yaƙi Faransa ta ci gaba da ƙera shi da sunan Criquet, wato ƙwaron nan fara. Daga baya kamfanin Cessna ya fito da Bird Dog a 1949, shi kam jikin alminiyam, aka yi sama da 3,400. Da irinsa ne wani hafsan Biyetnam ta Kudu ya tsere a watan Afrilun 1975, shi da matarsa da 'ya'yansu biyar cunkushe a jirgin mutum biyu, ya sauka a kan jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Midway. Wannan ƙaramin jirgin saman yana ajiye a gidan tarihi a Fulorida har yau.

Wanda ya shafe mu kai tsaye shi ne Broussard na kamfanin Max Holste da ke Reims a Faransa. Sunan kansa yana nufin ɗan daji. Ya fara tashi a 1952, yana ɗaukar mutum shida, wutsiyarsa biyu, injinsa na Pratt & Whitney ne mai silinda tara a jere kamar da'ira, ƙarfin doki 450. Waɗanda aka ƙera duka ba su kai 400 ba. Sojan Faransa ya yi aiki da shi sosai a yaƙin Aljeriya, wajen leƙen asiri da kwasar waɗanda suka ji ciwo. Da ƙasashen renon Faransa suka samu mulkin kai a 1960, shi ne aka riƙa ba su a matsayin jirgin fara aiki: Cadi, Kamaru, Sanagal, Mali, Muritaniya da sauransu. Nijar ta kafa rundunarta a 1961, kuma reshen samanta ya fara ne da Broussard da manyan jiragen dakon kaya na C-47. Zaɓin ya dace da ƙasar. A lokacin da tafiyar Yamai zuwa Maraɗi, fiye da kilomita 600, take cin mutum da motarsa, ba a ma maganar Agadas ko Bilma, jirgin da zai sauka a kan jar ƙasa ba tare da kwalta ba ya fi kowane doki. Maƙwabciyarmu Najeriya ta bi wata hanya: ta kafa sojan samanta a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, ta fara da ƙananan jiragen Dornier 27 da Piaggio a Kaduna.

Mutuwarsu a hankali ta zo. Tun a ƙarshen shekarun 1950 aka gama ƙera yawancin Broussard, kayan gyaransa kuma daga rumbunan sojan Faransa suke fitowa. Da Faransa ta fara sallamar nata, rijiyar ta soma ƙafewa. A nan gida kuɗin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake sayowa daga waje kuɗinsa ya ninka a dare ɗaya. Ga kuma matsalar mai: waɗannan injina fetur na musamman suke sha, mai darma a ciki, wanda samunsa a filayen jiragen Sahel aiki ne, alhali kananzir ɗin manyan jirage yana ko'ina. Abin da runduna mara kuɗi ke yi a irin wannan hali sananne ne, kuma makanikanmu ma sun san shi: a cire na wannan a sa wa wancan. Jirgi huɗu su koma uku, uku su koma ɗaya, na ƙarshen ya jira pis ɗin da ba zai zo ba. Ko Najeriya mai arziƙin mai ba ta tsira ba. Ƙananan jiragen koyo guda 60 da aka harhaɗa a Kaduna da sunan Air Beetle sun yi zamaninsu, aka maye gurbinsu da wasu.

Abu ɗaya yana wajenmu, wato bushewar ƙasa. Amurka da kanta hamadar Arizona ta zaɓa, kusa da garin Tucson, ta jibge dubban tsofaffin jiragenta tun 1946, saboda inda babu laima tsatsa ba ta sauri. Jirgin da ya kwana shekara talatin a Sahel zai fi wanda ya kwana goma a bakin teku lafiyar ƙashi. Sai dai su can rufe kowace kafa suke yi, su fesa wa gilashi farin abu mai kare rana, su zuba wa inji mai na ajiya. Wanda aka bari haka nan, rana ce za ta cinye yadi da roba da gilashi, ƙurar hunturu ta shiga inda ko allura ba ta shiga, ɓera ya ci waya. Zanzaro ma abokin gaba ne: ɗan bututun da ke auna gudun jirgi daidai yake da ramin da yake so ya gina ɗakinsa na laka. Na ƙarshe kuma su ne 'yan gwangwan. Alminiyam kuɗi ne, kuma duk wanda ya ga yadda ake narka shi a zuba tukwane a garin nan ya san inda fiffiken da ba mai gadi zai ƙare.

Yanzu ga inda tambayar makanike take karo da bango. Jirgi da takardunsa yake rayuwa. Gangar jiki tana da littafinta, inji da nasa, farfela da nata, kuma a ciki ake rubuta kowace awa ta tashi da kowane noti da aka canza, da sa hannun wanda ya canza. In littafin ya ɓace, babu mai iya rantsuwa cewa ƙarfen da ke riƙe da fiffike bai gaji ba, sai an warware komai an auna shi ɗaya bayan ɗaya. Dabarar da muke alfahari da ita a gareji, a ɗaure da waya a lallaɓa a kai gida, haramun ce a nan. Mota in ta tsaya a hanyar Ɗan Isa fasinja sauka suke yi su tura.

Injin, abin mamaki, shi ne mai sauƙi. An ƙera irin na Broussard kusan 39,000, shi ne kuma a jikin jirgin Beaver na Kanada da har yanzu ake haya da shi a Alaska, don haka akwai masu warware shi su mayar sabo a Amurka. Yana da halinsa dai: in ya daɗe a tsaye man inji yakan taru a silindar ƙasa, dole a juya farfela da hannu kafin a kunna, in ba haka ba ya lanƙwasa ƙarfe. Yadin fukafukan irin su L-4 kuwa, na auduga ne a da, yanzu na roba ake sawa, a ɗame shi da zafin dutsen guga, a ɗinke shi a jikin haƙarƙarin fiffike da doguwar allura, a bi shi da fenti mai garin alminiyam don rana. Wannan aiki, in gaskiya za a faɗa, telan Maraɗi da aka koya wa zai yi shi da kyau.

Turawa sun warware matsalar doka ne da buɗe wa tsofaffin jirage ƙofa ta daban. Faransa tana da takardar izini ta musamman don jiragen tarihi, wadda ke barin su tashi amma ba haya ba. Da ita ne ƙungiyoyin sa kai suke riƙe da Broussard da dama, kuma kowace shekara ana taruwa a filin La Ferté-Alais, kudu da Paris, a kalle su a sama. Yawancin masu wannan aiki tsofaffin makanikan soja ne da suka yi ritaya, masu ba da Asabar da Lahadinsu shekara da shekaru kan jirgi guda, kuma sun san kuɗin da suka zuba ba zai dawo ba.

A ganina gyara iri biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke sa a kasa yin ko ɗaya. Mayar da jirgi sama yana buƙatar izinin ANAC, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijar, da injiniya mai lasin, da kuɗin waje, da man da ba mu da shi, kuma kafin duk wannan sai soja ya yarda ya saki kayansa a rubuce. Amma a ja shi inuwa, a wanke, a toshe kafofinsa, a mayar masa da fentinsa na 1961, a ajiye inda ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ko na EAMAC, makarantar koyon aikin jiragen sama ta Yamai, za su taɓa shi da hannu, wannan bai fi ƙarfin masu walda da masu fentin mota ba. Masu wannan sana'a a Turai ma in suka samu gawar jirgi, kafin su sa sifana a ko'ina rumfa suke fara nema masa, sannan su shiga cigiyar tsohon sajan ɗin da ya san inda littafin yake.