Baƙin hayaƙi ba ya nufin inji ya mutu

An daɗe ana faɗa a garejin Gusau da Ƙaura Namoda cewa tsohuwar mota irin Fijo 504 da ta shekara a ajiye, in aka tashe ta tana kakkarwa da baƙin hayaƙi, to ringi, wato zoben fistin, ya ƙare, sai an sauke inji. Abin ba haka yake ba. Hayaƙin ringi shuɗi-shuɗi ne, don baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya rinjayi iska.

Yawanci matsalar tana kafireta, inda fetur ke haɗuwa da iska. Fetur in ya daɗe yakan zama danƙo, ya hana allurar fulot (abin da ke yawo a kan fetur yana tsayar da shi in ya cika) rufewa, fetur ya yi ta kwarara. Wani lokaci fulot ɗin ne ya huje. Girgiza shi kusa da kunne, in ka ji ruwa a ciki, canza shi. Cok, mai rage iskar da ke shiga kafireta, shi ma yakan maƙale a rufe, ƙurar hunturu kuma ta toshe matatar iska.

Kwance fulogi ka duba da idonka. Baƙin toka busasshe, fetur ne ya yi yawa. Jiƙaƙƙe mai maiƙo, nan ne za a zargi ringi, kuma a auna matsin kowace silinda tukuna.

Zubar da tsohon fetur, wanke tanki da kafireta. Shinshina sandar awon mai: in tana warin fetur, juye baƙin man ka zuba sabo kafin ka sake tayarwa.

Don Allah a tura wa masu irin waɗannan motoci.