Waiwaye: Ali Fauzi, mai haɗa bam da ya zama dokta

A farkon 2023 Jami'ar Muhammadiyah da ke Malang, a gabashin tsibirin Jawa na Indunusiya, ta bai wa Ali Fauzi Manzi digirin dokta a fannin tarbiyyar Musulunci. Bincikensa a kan yadda tsofaffin fursunonin ta'addanci ke komawa ga sassaucin ra'ayi a addini ne. Ba daga littafi ya san batun ba. Shekaru ashirin da 'yan kai kafin nan, shi ne ke koya wa mayaƙan ƙungiyar Jemaah Islamiyah haɗa bam, kuma yayyensa uku na cikin waɗanda suka shirya harin Bali na 2002.

Asalin maganar ya girmi Ali Fauzi nesa ba kusa ba. A watan Agustan 1949, Indunusiya na tsaka da fitowa daga hannun Turawan Holan, wani jagora mai suna Kartosuwiryo ya ayyana daular Musulunci a yammacin Jawa, ya shiga daji da mutanensa. Tawayen, da aka sani da Darul Islam, bai mutu ba sai 1962, lokacin da aka kama shi aka kashe. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin aƙidar ta ci gaba da yawo a ɓoye tsakanin almajirai da malamansu. Cikin waɗanda suka gaje ta akwai Abdullah Sungkar da Abu Bakar Ba'asyir, masu makarantar kwana ta Ngruki kusa da birnin Solo. Da gwamnatin shugaban ƙasa Suharto ta matsa musu, sai suka tsallaka Malesiya a 1985. A can ne, a 1993, suka ɓalle daga Darul Islam suka kafa Jemaah Islamiyah, wadda ake taƙaitawa da JI.

Hanyar da ta kai gidan su Ali Fauzi cikin wannan ƙungiya ba doguwa ba ce. Ƙauyensu Tenggulun ne, a yankin Lamongan. Wansu Ali Ghufron, wanda aka fi sani da Mukhlas, ya yi karatu a Ngruki, ya je Afghanistan zamanin yaƙi da Tarayyar Sobiyet, ya dawo ya riƙe makarantar ƙungiyar a jihar Johor ta Malesiya. Wa ne, malami ne, kuma ya ga fagen daga. A gidan da ake girmama na gaba, irin wannan mutum idan ya ce a taho, ba a tambayarsa ina za a. Ɗaya bayan ɗaya ƙannen suka bi shi: Amrozi, Ali Imron, sai Ali Fauzi, wanda ya isa Malesiya a farkon shekarun 1990 yana ɗan kimanin shekara ashirin. Masu nazarin JI sun daɗe da lura cewa da jini da aure da zumuncin makaranta aka saƙa ta, fiye da wa'azin bainar jama'a. Mutum na aurar da ƙanwarsa ga abokin gwagwarmaya, surukuta ta zama wata mubaya'ar ta biyu.

Daga Malesiya aka tura shi Mindanao, kudancin Filifins, inda mayaƙan Moro, Musulmi 'yan aware na yankin, ke da sansanoni, JI kuma na horar da mutanenta a gefensu. A nan ya ƙware a harkar abubuwan fashewa har ya zama mai koyarwa. Sai Suharto ya faɗi a watan Mayun 1998, ƙasa ta rikice, rikicin Musulmi da Kirista ya ɓarke a yankunan Poso da kuma Ambon na Indunusiya, inda dubban mutane suka mutu. Ga matasan da suka yi shekaru suna atisaye ba abokin karawa, wannan ya zama filin gwaji, Ali Fauzi kuma na cikin masu horar da waɗanda ake turawa can. An sasanta rikicin biyu a garin Malino, a ƙarshen 2001 da farkon 2002, amma waɗanda suka koyi sana'ar ba su mance ta ba.

Daren 12 ga Oktoban 2002 bam ya tashi a mashayar Paddy's da ke Kuta, tsibirin Bali. Mutane na gudun tsira zuwa titi, wani da ya fi shi girma ya tashi cikin wata farar mota ƙirar Mitsubishi L300 a ƙofar Sari Club. Mutum 202 suka mutu, 88 'yan Ostireliya, 38 'yan Indunusiya, cikinsu har da Musulmi direbobi da ma'aikatan da ke neman na tuwo. Amrozi, wanda bakanike ne, shi ya sayi motar da sinadaran. An goge lambar jikin motar don ɓad da sawu, amma masu bincike suka tono wata lambar a tarkacen ƙarfen, suka bi ta daga mai sayarwa zuwa mai saye har Tenggulun. Ba a cika wata guda ba aka kama shi. Kotu ta yanke wa Amrozi da Mukhlas da Imam Samudra, wani jigo a shirya harin, hukuncin kisa, aka harbe su a tsibirin Nusakambangan a watan Nuwamban 2008 ba tare da sun nuna nadama ba. Ali Imron, wanda ya nemi gafara a gaban kotu, ya samu ɗaurin rai da rai.

Ba a tuhumi Ali Fauzi da hannu a harin Bali ba, shi ma yana cewa ba ya ciki. Ya koma Mindanao, aka kama shi a can a 2004, ya yi kusan shekara uku a tsare kafin a miƙa shi ga Indunusiya. A nan ne labarin ya karkata, kuma abin da ya karkatar da shi ya cancanci a tsaya a kai. Kamar yadda yake bayarwa, ya dawo ba shi da lafiya, yana jiran duka da azaba daga 'yan sandan da aka koya masa cewa dakarun ɗagutu ne, jininsu halal. Sai suka kai shi asibiti, suka biya kuɗin magani, suka zauna suna hira da shi kamar mutum. Wannan ba tausayi ne zalla ba, dabara ce. Jami'an yaƙi da ta'addanci na ƙasar, ciki har da rundunar Densus 88 da aka kafa bayan Bali, sun gane cewa wanda aka yi wa alheri ya fi buɗe baki, don haka sukan ci abinci da fursuna, su yi salla tare, su biya wa 'ya'yansa kuɗin makaranta. Ko ma dabara ce, ta yi aiki: mutumin da aka gina masa duniya a kan cewa hukuma ba ta da imani ya ga abin da ya saɓa wa karatunsa.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. A watan Yulin 2009 aka kai hari otal ɗin JW Marriott da Ritz-Carlton a Jakarta. Wani ɗan Holan mai suna Max Boon, da ke wurin taron karin kumallo, ya rasa ƙafafunsa biyu. Bayan ya warke bai tattara ya bar batun ba, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar AIDA, mai haɗa waɗanda bam ya raunata da waɗanda suka taɓa dasa shi, su shiga makarantun sakandare tare su ba da labari. Ali Fauzi ya zauna da shi da wasu irinsa, masu tabon ƙuna da zawarawa da marayu, ya nemi gafararsu. Mai haɗa bam yana aiki ne da awo da waya da lokaci, ba ya ganin fuskar kowa. A waɗannan zaman ya ga fuskokin.

A ganina, hujjar malamai ta zo ne daga baya, ta cike gurbin da waɗannan abubuwa biyu suka buɗe. Shi da kansa ya koma aji, ya yi digiri na biyu a Jami'ar Muhammadiyah ta Surabaya, ya fara koyarwa. Amma darasin da ya ɗauka daga rayuwarsa shi ne wanda zumunci ya ja ciki, zumunci ne zai fito da shi. Wajajen 2016 ya kafa gidauniyar Lingkar Perdamaian, kuma bai kai ta Jakarta ba, ya dasa ta a Tenggulun ɗin da aka taɓa ɓoye makamai. Aikinta ba mai ƙyalli ba ne: ziyarar gidan yari, kula da matan fursunoni da 'ya'yansu, tarbar wanda aka sako, nema masa aikin yi. Lissafin a fili yake. Wanda ya fito daga kurkuku, maƙwabta na gudunsa, ba mai ɗaukarsa aiki, idan tsofaffin abokansa ne kaɗai suka kawo masa shinkafa, to wurinsu zai koma. A ranar bikin 'yancin kai, 17 ga Agustan 2017, tsofaffin mayaƙa suka yi sahu a ƙauyen suka sara wa tutar da a da suke kira ta kafirci, ɗan Amrozi na cikin masu ɗaga ta.

Ba kowa wannan ya burge ba, kuma masu ƙorafin na da hujja. A watan Disamban 2022 aka saki Umar Patek, wanda ya haɗa sinadaran bam ɗin Bali, bayan ya yi kusan rabin shekara 20 da aka yanke masa. Ya bayyana a gidauniyar, Ali Fauzi na gefensa, yana kuka yana neman gafara. A Ostireliya iyalan mamata suka fusata, gwamnatinsu ma ta nuna rashin jin daɗi. A ranar da aka sake shi ɗin, wani tsohon fursunan ta'addanci da aka sako a 2021 ya tayar da bam a ofishin 'yan sanda na Astana Anyar a Bandung, ya kashe ɗan sanda guda. Akwai kuma tsohon ƙorafin waɗanda aka raunata, cewa an fi gaggawar nema wa mai laifi jari fiye da biya musu kuɗin asibiti. Sai a dokar 2018 aka ƙarfafa haƙƙinsu na diyya daga gwamnati, shekara goma sha shida bayan Bali. Ta ɗaya ɓangaren kuma, masu tsattsauran ra'ayi na kallon Ali Fauzi a matsayin maci amana.

Mai karatu a Maiduguri ko Diffa ya san wannan muhawara ba sai an fassara masa ba. Tun 2016 Najeriya ke da shirin Operation Safe Corridor na gyara tubabbun 'yan Boko Haram, da sansaninsa a Malam Sidi, jihar Gombe, Nijar kuma ta buɗe cibiyar Gudumariya, kuma bayan mutuwar Shekau a 2021 dubbai suka miƙa wuya a Barno. Tambayar da 'yan gudun hijira ke yi game da tubabbu ita ce ta mutanen Bali: mu da aka kashe wa iyaye fa? Sai dai kada a miƙe kwatancen da yawa. JI ƙungiyar 'yan dubbai ce, yawancinsu masu karatu, kuma shugabanninta sun bi ta kotu an yanke musu hukunci kafin a fara maganar yafiya. A yankin Tafkin Chadi adadin ya ninka haka nesa, da yawa yara ne da aka sace, kuma kaɗan ne suka tsaya gaban alƙali.

Ita kanta JI ta zo ƙarshen tafiyarta, aƙalla a baki. Ranar 30 ga Yunin 2024 manyan jagororinta 16 suka taru a Bogor suka sanar da rusa ta, suka ce sun koma ƙarƙashin dokar ƙasa, za kuma su gyara manhajar makarantunsu. A watannin da suka biyo baya dubban mambobi suka bi sahu, aka miƙa wasu bindigogi da abubuwan fashewa. Makarantun kwanan da ke da alaƙa da ƙungiyar suna nan da ɗalibansu, kuma bayan sanarwar ma'aikatar harkokin addini da jami'an tsaro suka shiga duba manhajar tasu.