Farfaɗo da tsirrai da tasirinsa kan samuwar ruwa

Farfaɗo da tsirrai shi ne mayar da itatuwa da ciyayi a ƙasar da sara, kiwo ko noma suka tsiraita, ko dai ta hanyar dashe, ko ta barin kututture da iri su sake tohowa da kansu. An daɗe ana ɗauka cewa duk inda itace ya ƙaru ruwa ma zai ƙaru, amma binciken masana ya nuna cewa ba kullum haka lamarin yake ba.

Ƙasar da ba ta da rufi takan daskare, ruwan sama ya zarce a kanta da gudu, ya kwashi yashi da laka zuwa koguna da madatsun ruwa. Idan tsirrai suka dawo, ganyen da ya zube yana rage ƙarfin ɗigon ruwa, saiwoyi da ramukan gara suna buɗa ƙasa, sai ruwa ya samu hanyar nutsewa, wanda hakan ke rage zaizaya, ya kuma kyautata tsabtar ruwan sha.

Sai dai itace ma mai shan ruwa ne, domin yana zuƙo shi da saiwa ya fitar da shi tururi ta ganye, kuma itatuwa masu saurin girma irin su turare sun fi ciyawa sha nesa ba kusa ba. Afirka ta Kudu ta fara auna wannan a kwarin Jonkershoek tun 1935, inda aka ga rafuka sun ragu bayan an dasa itatuwan katako. Shi ya sa dokar ruwa ta ƙasar ta 1998 ta sanya gandun katako na kasuwanci cikin ayyukan da ke rage kwararar rafuka, kuma tun 1995 ƙasar ke sare itatuwan da aka shigo da su daga ƙasashen waje da suka mamaye bakin koguna. A tuddan Loess na ƙasar Sin ma, shirin mayar da gonakin gangare daji da aka fara a 1999 ya taimaka wajen rage lakar da ke shiga Rawayen Kogi, amma a wurare da dama ƙasa ta bushe can ciki, ruwan da ke gangarowa kuma ya ragu.

Yawan itatuwan yana da muhimmanci ƙwarai. Wani bincike da aka gudanar a Burkina Faso, aka wallafa a 2016, ya gano cewa ruwa ya fi kai wa ƙarƙashin ƙasa inda itatuwa suke warwatse, fiye da inda suka yi cunkoso ko inda babu su sam. Irin itacen ma abin dubawa ne, domin gawo yana zubar da ganye da damina, saiwarsa kuma tana zurfi, don haka ba ya gasa da amfanin gona sosai.

Tururin da daji ke fitarwa ba asara ba ne gaba ɗaya, saboda iska tana ɗaukarsa ya sauka ruwan sama a wani yanki, kamar yadda dajin Amazon ke shayar da sassan kudancin Brazil. Wannan yana nufin mutanen da ke cin gajiyar sau da yawa ba su ne waɗanda rafinsu ya ragu ba.