Dokar hana giya da gadon asibiti: abin da korona ta fito da shi fili

Shekaranjiya a teburin mai shayi wani ƙanena ya ce wai dokar hana giya ai ta musulmi ce kawai, bulala ce da wa'azi, babu ruwanta da lafiya ko asibiti. To na ce bari in rubuta abin da na sani, don da yawanmu haka muka ɗauka.

A Kano dokokin biyu ne. Akwai dokar shari'a ta 2000, wadda Jigawa ma tayi tata a shekarar, ita ce ta ce musulmin da aka tabbatar ya sha giya bulala 80 ne a kotun shari'a. Sai kuma gyaran da aka yiwa dokar final kod, wato dokar hukunta laifuka ta jiha, a 2004 zamanin Malam Shekarau, wannan ta hau kan kowa, musulmi da wanda ba musulmi ba, ta hana haɗawa da sayarwa da dakonta da ajiyewa da sha, tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ko duka biyun. Hisbah da aka kafa hukumarta a 2003 aikinta kamawa ne da miƙawa, hukunci na alƙali ne, wannan a riƙe shi da kyau.

Yanzu ga inda asibiti ya shigo. Afirka ta Kudu ba shari'a suke ba, giya a wajensu kamar lemo ce a shago, amma da korona ta shigo gwamnatin Cyril Ramaphosa ta hana sayar da ita gaba ɗaya daga 27 ga Maris 2020. Aka buɗe a farkon Yuni, asibitoci suka sake cika da waɗanda aka sara da wuƙa da masu haɗarin mota, a watan Yuli aka sake rufewa, haka kuma a ƙarshen Disamba. Dalilin da suka bayar a fili yake, gado ɗaya ne, likita ɗaya ne, iskar oksijin ɗaya ce, in mai maye ya faɗi da mota da tsakar dare shi za'a rufu a kai, tsohon da numfashi ke sarƙewa kuma yana kan benci yana jira. Ranar sabuwar shekarar 2021 babban asibitin Baragwanath dake Soweto ya nuna ɗakin masu rauni babu mutum ko ɗaya, abin da suka ce basu taɓa gani ba. Gaskiya dokar hana fitan dare ma ta taimaka, ba haramcin kaɗai ba. Kuma an ji jiki, ma'aikata sun rasa abin yi, kasuwar bayan fage ta buɗe, wasu suka koma haɗa tasu da abarba a gida.

A Iran kuma, inda giya haramun ce a doka kamar nan, ji-ta-ji-ta ce ta yaɗu wai tana kashe korona, mutane suka sha mai guba, ɗaruruwa suka mutu wasu suka makance. Wannan ya fi taɓa ni wallahi, don ya nuna hanawa kaɗai bata isa ba in ba'a wayar da kai ba.

Mu nan karkara kwalbar giya ba ita ce babbar damuwarmu ba. Tiramol ne da kodin da sholisho da wiwi, sai giyar 'yar ledar nan mai arha da hukumar kula da abinci da magunguna NAFDAC ta fara kamenta a Fabrairun 2024. Kodin gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi tun Mayun 2018 amma kowa ya san bai ɓace ba. Yaro ya afa ƙwaya don ya jure noma ko acaɓa, ya goyo mace da goyonta ranar kasuwa, su faɗi, ƙaramin asibitinmu ma'aikaci ɗaya ne ko biyu da dare, dole a nemi mota zuwa birni, a sayar da akuya ko buhun gero kafin a kai asibitin Dala dake Kano a ɗaura ƙashi. Ka haɗa wannan da lokaci irin na Afrilun 2020 da aka kulle Kano, ba mota ba kasuwa, ma'aikatan lafiya kansu suna kamuwa.

Abin dake damuna shi ne dokar ta faɗi hukuncin mai sha, amma iyaye basu san inda zasu kai ɗan da abin ya riga ya kama ba, kunya da tsoron kamu sai su sa a ɓoye shi a ɗaki ko a sa masa mari. Alhali akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau, akwai a Kazaure, kuma zuwa neman magani ba kai ƙarar kai ba ne. Ina roƙon limamanmu da masu unguwanni da 'yan Hisbah, duk sanda zasu faɗi bulala 80 su haɗa da sunan waɗannan asibitocin biyu, ni dai na riga na baiwa maƙwabcina kwatancen na Kazaure saboda ɗansa, ranar Litinin zasu tafi in Allah ya yarda.